Kunne, Hanci da Maƙogwaro: Abin da Maganin Koriya Ya Koya Mana Game da Namu na Gida

Jawabin da sashen raya karkara ya gabatar a taron kwamitocin lafiya na ikilisiyoyin ƙauyuka, a Gulma, Ƙaramar Hukumar Argungu

  Mun san kowa ya baro aiki a fadama, don haka ba za mu ja ku da nisa ba.

A taronmu da ya wuce an yi mana tambayoyi biyu. Wani matashi ya nuna mana bidiyo a wayarsa, inda wani likita a ƙasar Koriya yake soka wa mutum siraran allurai a gefen hanci da goshi, wai maganin toshewar hanci da ƙarar kunne. Ya ce ko irin wannan zai yi wa mahaifinsa, wanda jinsa ya ragu. Sai wata uwa ta fito da ɗan fakiti mai rubutun da babu wanda ya iya karantawa a cikinmu. Ta ce ranar kasuwa ta saya wurin mai amsa-kuwwa, wanda ya ce maganin Koriya ne, yana warkar da kunne da maƙogwaro da basir da ciwon baya. Mun ce za mu bincika mu dawo. Alkawari kaya ne, yau mun zo sauke shi.

Mene ne maganin Koriya?

Koriya ta Kudu ƙasa ce a gabashin Asiya, tsakanin ƙasar Sin da Japan. Suna da asibitocin zamani kamar na kowace ƙasa da ta ci gaba, amma ba su zubar da maganin kakanninsu ba. Ginshiƙansa biyu ne. Na ɗaya shi ne akufanca, wato soka allurai masu siriri kamar gashi a wasu zaɓaɓɓun wurare na jiki, a bar su kamar minti ashirin, sannan a zare. Allurar ba ta da rami, ba ta ɗauke da ruwan magani. Na biyu shi ne sassaƙe da saiwoyi da ganyaye da ake dafawa a sha. Har ƙaho suna yi, irin wanda wanzamanmu suka sani.

Wani likitan fada mai suna Heo Jun ya tattara wannan ilimi a littafi mai juzu'i 25 da ake kira Dongui Bogam, aka buga shi a 1613. A 2009 hukumar UNESCO ta sa littafin cikin kayan tarihin duniya. Tun 1951 dokar ƙasar ta amince da likitan gargajiya a matsayin likita, amma da sharaɗi. Sai ya yi shekara shida a jami'a, ya koyi sassan jikin mutum da cututtuka, ya ci jarrabawar gwamnati, kafin a ba shi lasisi. A 1987 inshorar lafiya ta ƙasar ta fara biyan kuɗin akufanca, a 1994 kuma suka kafa cibiya ta musamman don gwada magungunansu na gargajiya. Wannan aikin allura ya iso kusa da mu ma, domin tun 1976 ƙasar Sin take aika ayarin likitoci Jamhuriyar Nijar, kuma akan samu masu akufanca a cikinsu.

Abin da yake yi, da abin da ba ya yi

Inda aka fi ganin amfaninsa a hanci shi ne murar nan da ƙura ko garin fure ke tayarwa, mai atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido, irin wadda wasunmu ke fama da ita da hunturu ko lokacin casar shinkafa. A ƙasar Jamus an gwada shi a kan mutum 422, aka fitar da sakamakon a 2013. Waɗanda aka yi wa akufanca na gaske sun ɗan fi samun sauƙi, sun kuma rage shan ƙwayoyi, in aka gwama da waɗanda aka soka wa allura sama-sama a wurin da ba shi ne ba. To amma ratar ba ta da yawa, kuma wata biyu bayan an daina, ta ɓace. A 2015 ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta ce likita yana iya ba mai irin wannan mura zaɓin akufanca in yana so.

Akwai kuma wani sanannen haɗi da suke ba mai yoyon hanci, mai itatuwa takwas. A ciki akwai citta da kirfa da muka sani, akwai kuma wani tsiro da ake kira mahuwang, wanda ke buɗe hanci amma yana ɗaga hawan jini, yana sa zuciya bugu da sauri. Saboda haɗarinsa Amurka ta hana sayar da shi barkatai a 2004. A can likita ne yake auna mutum kafin ya ba shi.

Game da ƙarar kunne, gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna cewa allura tana kawar da ita ba. Allura ba ta dawo da jin da tsufa ko sanƙarau ya ɗauke, ba ta busar da kunne mai zubar da mugunya, ba ta kashe ƙwayar mashaƙo. Saboda haka amsarmu ga ɗanmu mai bidiyo ita ce, kai baba asibiti a leƙa kunnensa. Wani lokaci dauɗa ce kawai ta taru ta toshe, a wanke mutum ya tashi yana ji. In kuwa tsufa ne, akwai na'urar ƙara ji.

Ga mama mai fakiti kuma, muna roƙonki kada ki sha, kada ki ba yaro. Maganin da aka ce yana warkar da komai, a yi hattara da shi. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, mata fiye da ɗari sun kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka haɗa da saiwar wani tsiro mai guba, wanda aka shigo da shi bisa kuskure a madadin wani. Idan haka ta faru a Turai, ina ga fakitin da ba shi da lambar NAFDAC, ba adireshi, ba ranar lalacewa?

Darasin da muka ɗauko

Abin da ya burge mu a wurin mutanen Koriya abu huɗu ne. Mai magani yana koyo har a jarraba shi. Allura sabuwa ce, a yi amfani da ita sau ɗaya a jefar. Ana gwada maganin a faɗi gaskiyar abin da aka gani, ko da bai yi daɗi ba. Sannan mai magani ya san iyakarsa, in ciwo ya fi ƙarfinsa yana tura mutum gaba. Da wannan mudu za mu auna duk maganin da ya zo mana, na ƙetare ne ko na gida.

Ba mu zo nan don raina na gida ba. Kowa ya san masu ɗorin Aliero, ana zuwa wurinsu daga nesa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yau a asibiti, daga ganyen tazargade aka samo shi, har matar da ta jagoranci binciken, Tu Youyou ta ƙasar Sin, ta samu lambar Nobel a 2015. Zuma da ruwan ɗumi suna lafa tari, ban da jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Kurkurar maƙogwaro da ruwan gishiri mai ɗumi yana rage zafi. Waɗannan a riƙe su. Amma akwai abubuwan da muka gada da suke cutar da 'ya'yanmu, kuma babba a cikinsu shi ne cire beli.

Maganar beli

Mu da muke tsaye a gabanku, yawancinmu ba mu da beli. An cire mana tun muna cikin tsumma, kuma iyayenmu sun yi ne don ƙauna. An gaya musu cewa in aka bar shi zai girma ya toshe wuya, ko ya fashe, ko ya hana yaro kama nono. Al'adar ta yaɗu ƙwarai. Wani bincike da aka yi a Yamai, aka buga a 1994, ya gano cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar an cire masa beli kafin ya cika shekara biyar.

To, beli dai ba ciwo ba ne. Kowane ɗan Adam da shi ake haifarsa, Bature da Bakoriye da Bahaushe. Yana taimaka wa ganda rufe hanyar hanci lokacin haɗiya don kada abinci ya bi ta hanci, yana kuma jiƙa maƙogwaro. In ya kumbura, ciwon maƙogwaro ne ya kumbura shi, kuma in ciwon ya tafi yakan koma yadda yake. Ƙasashen da ba a taɓa shi, yaransu ba sa shaƙewa da shi.

Ga abin da yankan ke jawowa. Jinin jariri kaɗan ne ƙwarai, duka-duka bai fi cikin kofin shayi ɗaya ba, don haka ɗan abin da babba zai raina yana iya kai shi kushewa. Jinin yana iya gangarawa huhu. Wurin yana iya ruɓewa. Ƙarfen da ya shiga bakin wani yaro ya shiga na wani yana ɗauko ciwon hanta, da ƙanjamau, da tetanus mai sarƙe haƙora. Saboda zafin miki jariri yakan ƙi nono, wato abin da ake gudu shi aka jawo. Mafi muni, yayin da ake cewa beli ne, ainihin ciwon yana nan yana cin yaro: zazzaɓin cizon sauro, ko gudawa, ko ƙyanda, ko tarin fuka wanda ake gwajinsa da maganinsa kyauta a asibitin gwamnati.

Akwai wata damina da aka tashe mu da tsakar dare a wani ƙauye na hayin gulbi. Jaririya ce 'yar kwana bakwai, an cire mata beli da safe, har dare jini bai tsaya ba. Ruwa ya cinye hanya, sai da kwalekwale aka fito da ita, sannan babur zuwa Argungu. An ƙara mata jini, ta rayu. Kuɗin da mahaifinta ya kashe a daren nan sai da ya sayar da buhunan shinkafar da ya ajiye don iri.

Mu ma mun yi kuskure bayan wannan, kuma za mu faɗa. Da zafin abin muka tsaya a gaban jama'a muka ɗora wa wanzamai laifi duka. Sakamakon haka suka daina zuwa taronmu, yankan kuma ya koma ɓoye, da asuba, a bayan ɗaki. Daga baya wani tsohon wanzami ya ce mana, ku sani kakar yaro ce take aiko a kira mu, in mun ƙi a kira wani. Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa muka gayyace ku yau, mun kuma gode da kuka zo. Shawararmu ita ce ranar suna wanzami ya yi askinsa da sabuwar reza, a ba shi haƙƙinsa cif, kuɗinsa da namansa da hatsinsa, kamar ya yi aikin duka, amma a bar beli. Ta haka babu wanda abincinsa ya ragu, yaro kuma ya tsira.

Kunne

Can cikin kunne akwai wata 'yar fata siririya, dodon kunne. In mura ko ƙyanda ta kama yaro, ƙwayoyin cuta kan bi wata 'yar hanya daga bayan hanci su taru a bayan fatar nan. Yaro ya yi ta kuka da dare yana jan kunne, jiki da zafi. In mugunya ta matsa, sai fatar ta huje, ruwa ya fara fitowa. Mukan ce ai kunnen yara ne, zai daina. Sau da yawa ba ya dainawa, yana ta cin ji a hankali.

Mun taɓa samun wata yarinya 'yar aji uku da ake ta duka a gida da makaranta, wai taurin kai gare ta, in an kira ta ba ta amsawa. Da aka duba, kunnuwanta biyu sun shekara suna zuba. An yi mata magani, malaminta ya dawo da ita layin gaba, yanzu tana karatu. Yara nawa muke kira dolaye alhali ji ne ba sa yi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara, kusan kashi 60 cikin ɗari na raunin ji ana iya hana shi.

Ga abin yi. Ciwon kunne da zazzaɓi, a kai yaro asibiti a ranar. In kunne yana zuba, a naɗe tsumma mai tsabta mai shan ruwa kamar lagwani, a sa a bakin kunnen ya tsotse, a canza har ya fito a bushe, sau uku a rana, sannan a ɗiga maganin da ma'aikacin lafiya ya bayar. Kada a zuba man gyaɗa, ko ruwan ganye, ko nono, ko turare. Kada a sa gashin kaza ko tsinken ashana. Mu mutanen bakin gulbi ne, yaranmu a ruwa suke wuni, amma mai hujajjen dodon kunne kada ya yi nutso sai ya warke. In zubar ta kai mako biyu, a koma. In bayan kunne ya kumbura yana zafi, ko yaro ya fara ciwon kai da amai da sandarewar wuya, wannan na gaggawa ne, ko da dare ne.

Abu biyu kuma suna kashe ji a ɓoye. Na farko allurar da ake yi a shagon magani ba da takardar likita ba, musamman jentamaisin, wadda in ta yi yawa takan kurmantar har abada. Na biyu ƙarar injin niƙa da injin ban-ruwa. Kada a goya jariri a tsaya da shi a gindin inji, masu aikin kuma su riƙa toshe kunne.

Hanci da maƙogwaro

Haɓo yana yawa da hunturu da bazara. Kada a ɗaga kai sama, jinin ciki yake komawa. A zaunar da mutum ya ɗan sunkuya, a matse tattausan wurin hancin da yatsu biyu minti goma ba saki, yana numfashi ta baki. In an yi sau biyu bai tsaya ba, sai asibiti. Babban da ke yawan haɓo a auna masa hawan jini. Yaron da hancinsa ɗaya kawai ke fitar da ruwa mai wari, wataƙila ya tura ƙwayar masara ko wake. Kada a tono da tsinke, a kai a cire.

A maƙogwaro, abin tsoro na farko shi ne mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 cutar ta ɓarke a Najeriya, Kano ta fi jin jiki, kuma yawancin yaran da ta kama ba su kammala rigakafi ba. Alamarta zazzaɓi, ciwon wuya, wata fata mai ruwan toka a can cikin maƙogwaro, da kumburin wuya. Ku duba haɗarin: uwa ta ga wuya ya kumbura ta ce beli ne, a kira wanzami, ya yanka, ya tafi da ƙarfen gida na gaba. Irin wannan yaro asibiti yake bukata a ranar, kuma a raba shi da sauran yara.

Ƙayar kifi kuwa, ƙasar Kabi ce nan, kowa ya san ana zuwa wurin Sarkawa. Ƙaramar ƙaya takan wuce da kanta, ta bar ƙujewa kawai. Amma in mutum ya kasa haɗiye yawu, ko numfashi yana masa wuya, ko zafin ya kwana yana ƙaruwa, kada a ƙara jira, kada a tura lomar tuwo da ƙarfi. Haka kuma muryar da ta dishe fiye da mako uku, musamman ga mai shan taba, a je a leƙa. Yaro ramamme da dasashinsa ke jini, bakinsa na wari, kumatu ya fara kumbura, a hanzarta da shi, domin ciwon nan ne mai cin fuska da likitoci ke kira noma, kuma akwai asibitinsa na musamman a Sakkwato tun 1999, inda ake magani kyauta.

Hanyar neman taimako tana farawa daga ƙaramin asibitin da ke kusa da ku, sai babban asibitin Argungu, sai asibitin Sir Yahaya ko na tarayya a Birnin Kebbi, sai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato mai sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999.

Abin da muke roƙo

Na ɗaya, rigakafi ya fi magani. Allurar da ke kare mashaƙo da tetanus ana yin ta a mako 6, da 10, da 14. Ta ƙyanda a wata 9, a sake a wata 15. Ta sanƙarau ma kada a bari ta wuce. Dattawa suna tuna annobar 1996, kuma a farkon 2025 cutar ta sake ɓullowa a Gwandu da Jega da Aliero. Cikin waɗanda suka tsira daga gare ta akwai waɗanda ba su ƙara ji ba. Iyayenmu mata na Zumunta, ku riƙa duba katin kowane jariri idan kun je barka.

Na biyu, kowane kwamiti ya zauna da kakanni da ungozoma da wanzamin ƙauyensa kafin taro mai zuwa, cikin girmamawa, a kan maganar beli. Ku haɗa da maƙwabtanmu Musulmi da mai gari, domin wanzaminmu ɗaya ne, rijiyarmu ɗaya.

Na uku, malaman makaranta da masu koyar da yara ran Lahadi, ku tsaya a bayan yaro ku kira sunansa a hankali. Wanda bai waiwayo ba, ko wanda kuka ga ƙuda na bin kunnensa, ku rubuta sunansa ku ba kwamiti.

Na huɗu, asusun gaggawa. Kowane gida ya ba da mudun shinkafa ɗaya da kaka, a ajiye don kuɗin kwalekwale da babur. Jaririyar nan da muka ba ku labari ta rayu ne don an samu mai fito da ita a daren.

Na biyar, duk mai magani da ya zo, ɗan gida ne ko baƙo, da allura ya zo ko da fakiti, ku yi masa tambaya huɗu. A ina ka koya? Ƙarfenka sabo ne? Wa ya gwada maganin nan? In bai yi ba, ina za ka tura mu? Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Lafiya uwar jiki.  Yanzu fili naku ne, kuma muna so iyayenmu wanzamai su fara magana. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya mai da kowa gida lafiya.